Littafi, Tele da Kasuwa: Lissafin Gidanmu na Bana

 

Al'ada ce ga ɗan kasuwa, idan shekara ta zagayo, ya rufe shagonsa yini guda ya zauna da littafin lissafinsa, ya duba abin da ya shigo da abin da ya fita, domin ya san ko riba yake ci ko uwar kuɗi. Mu ba ƴan kasuwa ba ne, ma'aikata ne masu jiran ƙarshen wata a nan Maraɗi, amma a bana larura ta sa mun yi irin wannan zama. Larurar kuwa ita ce an sa ranar auren babbar ɗiyarmu, kuma da aka kawo mana takardar kayan ɗakin da ita da ƙawayenta suka rubuta, sai muka tarar abin da muka yi shekaru muna tarawa bai kai ko rabin kuɗin ba. Da muka bi sawun wannan takarda don mu san inda ta samo asali, sai sawun ya kai mu ga abubuwa uku da ke shiga gidanmu kullum: abin da muke karantawa, da abin da muke kallo, da abin da muke saye. Mun ga ya dace mu baje muku lissafin kamar yadda ya fito, da ribarsa da asararsa, ko wani magidanci zai tsinci abin da zai amfane shi.

Abin da muka karanta

Sai mu fara da faɗin gaskiya: shekaru da dama sun wuce ba a karanta littafin labari ko ɗaya a gidanmu ba, in ban da littattafan lakwal da yara ke buɗewa don tsoron jarrabawa. Abin da ya dawo da mu ga karatu kuwa ba wata dabara tamu ba ce. A bazarar da ta wuce, lokacin da zafi ya tsananta, wutar lantarki ta riƙa ɗaukewa da dare, tele ta yi shiru, cajin salula ya ƙare, kowa ya jawo tabarmarsa tsakar gida yana fifita. Da ƙorafin yara ya ishe mu, sai muka tuna da tsohuwar adakar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. A can ƙasanta muka tono littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, bangonsa ya tafi, gara ta ɗanɗana gefensa.

Muka miƙa wa ɗanmu da ke aji na biyu a kolej, yaron da malamansa ke yaba wa wajen karatun Faransanci, muka haska masa fitilar hannu muka ce ya karanta wa kowa. Tun daga sunan littafin ya yi tuntuɓe, domin "ce" ɗin ƙarshe "se" ya karanta ta. Da ya zo kan kalmar "gida" sai ya ce "jida". Harufan nan masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, tsayawa ya yi yana kallonsu kamar baƙin da suka sauka ba sallama. Ƙannensa suka yi ta dariya, mu ma muka taya su, amma dariyarmu ba ta daɗe ba. Yaron da aka haifa cikin Hausa, yake faɗa da Hausa, yake mafarki da Hausa, ga shi ya kasa karanta layi uku da ita, kuma ba mu taɓa sani ba sai da wuta ta ɗauke.

Abin ya ƙara yi mana nauyi da muka tuna cewa wannan ƙasa ta daɗe da fara ƙoƙari a kan harsunanta. Tun a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A watan Maris na 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Amma abin da aka rubuta a Yamai ba zai zo tsakar gidanmu ya koya wa yaro bambancin k da ƙ ba. Wannan aikinmu ne. Mako biyu muka yi muna zama da shi bayan sallar isha'i, shafi ɗaya kowane dare, har bakinsa ya saki. Shi da kansa ya gano cewa harafin da muke rubutawa ƴ a nan Nijar, a littattafan Najeriya 'y ake rubuta shi, ya zo yana ba mu labari kamar wanda ya tsinci kuɗi.

Wanda ya rubuta littafin, Alhaji Abubakar Imam, an haife shi a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Ya fara yin suna da Ruwan Bagaja a gasar rubutun da aka shirya a 1933, ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, littafi uku, aka fara buga shi a 1937, sannan ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a 1939. Abin da ya fi jan hankalinmu a wannan karatu na girma, wanda ba mu lura da shi ba muna yara, shi ne da yawa daga cikin labaran ba a ƙasar Hausa aka haife su ba. Marubucin ya ɗebo wasu daga Dare Dubu da Ɗaya, wasu daga tatsuniyoyin Turai, wasu daga Indiya da Farisa. Sai dai bai juye mana su yadda ya same su ba. Ya tankaɗe, ya zubar da tsaki, ya sa musu riga da hula, har mahaifiyarmu da ba ta taɓa shiga aji ba take rantsuwa cewa ta san wani labarin tun tana yarinya a ƙauyensu. Daga nan muka fahimci cewa kayan waje ba laifi ba ne, matuƙar akwai mai rariya a bakin ƙofa.

Littafi na biyu ɗiyarmu ta lise ce ta kawo shi: Sarraounia, na Abdoulaye Mamani, wanda aka buga da Faransanci a 1980. Labarin Sarauniya Mangu ce ta Lugu, a ƙasar Arewa, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Yarinyar takan karanta sakin layi, ta tsaya ta mayar da shi Hausa saboda kakarta. Wannan aiki ya gwada mata iyakar Hausarta fiye da kowace jarrabawa, domin sau da yawa takan san kalma da Faransanci ta rasa ta da harshen uwarta, sai tsohuwa ta miƙo mata. A nan ne yaran suka fara jin cewa rundunar da ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni a nan yankinmu ta watse, cikin watan Yuli na wannan shekarar, kuma Maijirgin da muke wucewa gaba da Tasawa a kan hanyar Damagaram, can kaburburan shugabanninta biyu suke. Sau nawa muka bi ta garin nan, abin da kawai yara suka sani game da shi shi ne wurin da mota ke rage gudu.

Wani dare, ana cikin karanta wata doguwar magana da marubucin ya sa a bakin Sarauniya, sai Inna ta ɗaga hannu ta ce: "Tsaya, ƴar nan. Shi mai littafin yana wurin da ta faɗi haka?" Yarinyar ta ce: "A'a, Kaka, sai a 1932 aka haife shi." Tsohuwa ta gyaɗa kai ta ce: "To, ci gaba. Yanzu na san wanda nake saurare." Ba ta ƙi labarin ba, har ƙarshe aka kai da ita, amma ta ware abin da ya faru daga abin da mai hikima ya ƙara don labari ya yi armashi. Ku riƙe wannan tambaya ta Inna, domin za mu sake bukatarta.

Abin da muka kalla

Matasa da yawa ba su san cewa a ƙasar nan tele ta fara shigowa ne a matsayin malamar makaranta ba. A 1964 aka fara shirin koyar da yara ta talabijin a Yamai, tun kafin a yi tashar da ke watsa wa jama'a shirye-shirye. Mu da muka tashi a zamanin da Télé Sahel ce kaɗai, muna tuna yadda unguwa guda kan taru a gaban akwati ɗaya don wasan kwaikwayon Yazi Dogo, ko don kokowar takobi, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975. A lokacin shiri yana da farko yana da ƙarshe, idan an rufe tasha kowa ya naɗe tabarmarsa. Daga baya tashoshi masu zaman kansu suka zo, kasakasan Kano suka cika kasuwa bayan fitowar Turmin Danya a 1990, parabol ta hau rufin gidaje, Arewa24 ta fara watsa shirye-shiryenta a 2014, ga kuma finafinan Indiya da ake ɗora wa muryar Hausa. Yau kuwa tashar ta koma cikin aljihu, ba ta rufewa dare da rana.

Ba za mu yi butulci ba, mun ƙaru da kallo a bana. Mun zauna da iyali mun kalli Kwana Casa'in, muka sami hanyar yi wa yara bayanin yadda cin hanci ke kashe asibiti da makaranta ba tare da mun yi musu lacca ba. Daɗin Kowa ta sha buɗe mana zancen shaye-shaye da almajiranci, zancen da uba kan ji nauyin farawa da kansa. Bayan mun gama littafin Mamani mun nemo fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987. Yara suka yi ta gardama a kan inda fim ya bi littafi da inda ya saɓa, kuma wannan gardama ta fi mana kallon daɗi. A nan ne muka tambaye su ko sun san ɗan ƙasar da ya fara cin wannan kyauta a 1972. Ba wanda ya san Oumarou Ganda, alhali kowannensu zai iya jero taurarin Indiya goma ba tare da ya numfasa ba. Ba mu ga laifinsu ba, domin abin da aka zuba a tulu shi ake sha.

Amma da muka zo lissafin lokaci, sai jikinmu ya yi sanyi. A gidanmu, mafi ƙaranci, awa 2 ake yi gaban tele kowane dare. Awa 2 sau kwana 365 ya ba da awa 730, wato kwana 30 da ɗoriya, dare da rana ba barci. Wata guda cur ke nan a kowace shekara, ban da abin da salula ke ci a ɗaki bayan an kashe fitila. Da wani zai zo ya ce mu ba shi albashin wata guda kyauta, da har maƙwabta sai sun ji muryarmu. Ga shi kuwa muna ba da wata guda na rayuwarmu duk shekara, ba tare da mun tambayi abin da aka ba mu a madadinsa ba.

Masu karatu za su tuna cewa a littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, aku ne ke tsare Musa ɗan sarki da labarai dare bayan dare, don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri maci amana. Labari ya zaunar da yaro, zaman kuma ya cece shi, domin akun mai ƙaunarsa ne. Akwatin da ke falonmu shi ma aku ne, ya iya zaunar da mutum har asuba, ya san inda zai yanke labari don a dawo gobe. Tambayar da ba mu taɓa yi ba ita ce: akun wane ne, kuma don amfanin wa yake tsare mu?

Amsar wani ɓangare na wannan tambaya tana cikin takardar kayan ɗakin ɗiyarmu. Da muka zauna da uwargida muka bi ta layi layi, sai ta riƙa nuna mana inda kowane abu ya fito. Kujerun nan jeri biyu na falon wata amarya ne a wani shiri mai dogon zango. Labulen da ya sauka daga rufi har ƙasa na wani shirin Indiya ne. Firji mai ƙofa biyu, injin wanki, da tele mai faɗin rabin bango, duk an gan su a ɗakin wata tauraruwa. Angon kuwa matashin malamin lakwal ne da aka tura wani ƙauye wanda ko turken wuta bai kai ba, ɗaki biyu zai kama haya. Masu shirin ba su yi mana laifi ba, sana'arsu suke yi, kuma galibin gidajen da ake gani a fim aro ne ko haya, ana gama ɗauka kowa ya koma inda ya fito. Mu ne muka bar yarinya shekara da shekaru tana kallo, ba wanda ya zauna kusa da ita ya yi tambayar Inna: shi mai nuna mana wannan ɗaki, a cikinsa yake kwana?

Abin da muka saya

Da kaka ta yi, muka raka Inna kasuwa sayen geron shekara, domin har yau ba ta yarda wani ya saya mata hatsi ba. Duk wanda ke son ya ga ilimin da ba a koyarwa a aji, to ya bi tsohuwa kasuwar hatsi. Ba ta kallon abin da aka baje a sama, hannu take zurawa har gwiwar hannu ta ɗebo na ƙasan buhu. Ta mirza, ta hura, ta shinshina, ta ciza da ƴan haƙoran da suka rage, don ta san na bana ne ko na bara aka gauraya. Ta karɓi tiyar mai awo ta juya gindinta ta ga ko an buga shi ciki. Sai bayan wannan duka ta tambayi kuɗi. Ya faɗa, ta taya, ya ce: "Albarka, Hajiya." Ta ce: "To, ɗana, Allah ya kawo kasuwa," ta juya. Ba ta yi taku biyar ba ya ce: "Dawo, Hajiya, kawo kuɗin." Da aka gama awo kuma ta tsaya sai da aka yi mata gyara. Duk wannan jayayya a kan dala biyar ce a kowace tiya, amma a buhu huɗu ta fitar da kuɗin cefanen kwanaki.

Muna tsaye muna kallonta kunya ta kama mu, saboda mun tuna abin da muka yi watanni biyu kafin nan. Wani ɗan kasuwa ya turo hoton shadda a salula, tana ƙyalli kamar a lasa, kuɗinta kuma ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba. Ba mu taɓa ba, ba mu ɗaga ta a rana ba, muka aika kuɗin turmi uku don ɗinkin biki. Da kaya suka iso, sai ga yadi shara-shara, wankin farko ruwan ya koma shuɗi, ƙyallin ya bi shi. Muka kira, aka ce kaya sun riga sun fita. Uwargida ba ta ce komai ba sai: "Malam, ai ka san araha ba ta ado." Mun yi cinikin biri a sama, mu da muke yi wa yarinya faɗa a kan ruɗin hoto.

Kasuwa ta koya mana wani darasi kuma a ƴan shekarun nan. Bayan 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, kowa ya gani da idonsa daga ina abincinsa ke zuwa. Kayan da suka saba sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano su shigo ta gadar Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, shinkafar waje da sauran kayan kanti suka yi tsada. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, faɗuwar darajar naira kuma ta sa sefa ta yi nauyi a kasuwannin Jibiya da Katsina da Kano. Amma a cikin watannin ƙunci, abin da ya riƙe tukunyarmu shi ne abin da ƙasar nan ke fitarwa: gero da wake, albasar Galmi, jan tattasan Diffa, zogalen Jiratawa, ayar da yankinmu ya yi suna da ita. Kayan da ba a taɓa yi wa talla a tele ba su ne suka tsaya mana ranar da masu talla suka ɓace daga kanti. Da sauƙi ya samu kuwa, mun lura hannunmu ya fara komawa ga gwangwani da kwali, kamar ba a yi komai ba.

A hanyarmu ta dawowa daga kasuwar hatsi ne wani tunani ya zo mana. A kasuwa mai kaya ne ke cewa albarka idan an taya masa ƙasa da ƙima. To, a gaban tele mu ne masu kaya, kayanmu kuwa darenmu ne, da hankalin ƴaƴanmu, da abin da zuciyarsu za ta so gobe. Kullum ana taya mana su, wani lokaci da abu mai daraja, wani lokaci da abin da bai kai dala ba, mu kuma ba mu taɓa cewa albarka ba, kowane tayi sallamawa muke yi. Muna jayayya a kan dala biyar, muna barin wata guda ya tafi ba ciniki. Littafi kuwa, wanda shi ne ya fi komai araha cikin ukun, ko layi ba shi da shi a kasafin gidanmu. Da muka so cikon Magana Jari Ce, mun zagaya masu sayar da littattafai a gari ba mu dace ba, sai wani direban hanyar Katsina muka ba saƙo. Kuɗin littattafan biyu bai kai abin da muke zuba wa salula a wata ɗaya ba.

Abin da muka tsayar

Zancen kayan ɗaki bai warware cikin sauƙi ba. Yarinya ta yi kwana biyu tana kuka, tana cewa za a mayar da ita abin dariya cikin ƙawayenta, kuma ba mu raina kukanta ba, domin gorin ƴan biki abu ne mai ciwo, mata sun fi mu saninsa. Gwaggonta ce ta shiga tsakani. Aka shimfiɗa tabarma, aka ɗauko takardar, Inna ta ce a riƙa karanto mata abu ɗaya ɗaya, kowanne ta yi masa tambaya uku: ina za a ajiye shi, wa zai gyara shi in ya lalace, kuma da kuɗin wa za a saye shi? Abin da ya amsa ukun ya zauna, wanda ya kasa aka ja masa layi. Injin wanki tun a tambayar farko ya faɗi. Da aka zo kan firji, amaryar da kanta ta yi dariya cikin hawaye ta ce: "Kaka, wannan sai dai in zuba tufafi a ciki."

A ƙarshe an tsaya a kan gado da kabad na kafintan unguwarmu, kujeru jeri ɗaya, tukwanen da maƙeran garin nan ke zubawa, ƙaramin faifan hasken rana da fitilu biyu, keken ɗinki tunda ta koyi sana'ar, da jajayen awaki biyu irin na Maraɗi, waɗanda Inna ta ce su ne asusun mace a ƙauye. An bar mata labulenta mai tsawo, domin ba daidai ba ne a hana amarya duk abin da ranta ke so. Ba mu ci bashin ko dala ba, ba mu sayar da gonar gado ba kamar yadda wani ya ba mu shawara. Mun san magidanta da suka yi shekaru suna biyan bashin kayan da aka kalla yini ɗaya, kuma kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Game da tele, ba mu fitar da ita daga gida ba, kuma ba mu ba kowa shawarar ya yi haka, domin yaron da aka hana a gida maƙwabta zai tafi, can kuwa ba mai rariya. Abin da muka yi shi ne, ranar Lahadi ake zama a zaɓi shirye-shiryen mako, kowa ya kawo nasa ya faɗi dalili, idan wanda aka zaɓa ya ƙare a kashe. Babba ɗaya kuma yakan zauna tare da yara, ba don gadi kawai ba, don a sami wanda zai yi tambaya. Dare biyu a mako, Litinin da Alhamis, na karatu ne da babbar murya, dare ɗaya Hausa, dare ɗaya Faransanci da fassara. A kasafin wata kuma mun buɗe wa littafi layinsa, ko da jaka ɗaya ce, a ƙarƙashin kuɗin sabulu.

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya daidaita. Akwai makon da ƙwallo ta cinye daren Alhamis, kuma mu ne muka fara karya dokar. Akwai daren da muka kashe wa yara tele muka koma gefe muna latsa salula, sai autanmu ya leƙo ya ce: "Baba, ita wannan ba tele ba ce?" Ba mu da amsa, sai muka kife ta. Gyaran gida daga maigida yake farawa, kuma ya fi wuya a wurinsa.

Shawararmu ga ƴan uwa guda ce, ba ta bukatar kuɗi. A sami dare ɗaya cikin wannan mako, a miƙa wa yaro wannan shafi da ke hannunku, a ce ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi. Idan ya wuce sumul, a gode wa Allah a nemo masa littafi. Idan ya yi tuntuɓe, kada a yi masa dariya irin tamu, a matso da fitila a zauna kusa da shi, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗanda kuma ke da tsofaffin littattafai a ƙasan adaka, su fito da su kafin gara ta gama karatunta, a riƙa musaya tsakanin gidajen unguwa.

Ranar da ake ɗaure kayan amarya, mun ga ta saka littafi na ɗaya, mai yagaggen bangon nan, a tsakanin zannuwanta. Ƙaninta ya tayar da rigima, ya ce bai gama ba. Inna ta raba gardamar, ta ce a bar wa amarya na kakanta, shi kuma maigidanta na wasa a sayo masa sabo. Mun riga mun ba direban Katsina saƙo.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muke shigarwa gidajenmu, ya shirya mana zuriya.